Shekarar jira kafin karatun likitanci: tambayoyin ɗalibai da iyaye

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka ba gurbi, gidaje da yawa kan yi tsit. Yaro ya cike likitanci, sai a ba shi wani kwas daban, ko kuma a ƙi ba shi komai. Na daɗe ina koyar da Kemistiri ga masu shirin JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, kuma a irin wannan lokaci tambayoyin da ake kawo mini kusan iri ɗaya ne. Ga su nan, da amsar da nake bayarwa.

Malam, ban samu likitanci bana ba. Idan na zauna shekara guda don in sake JAMB, ban yi asara ba?

Kafin ka kira ta asara, fahimci abin da ya faru da kai. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Ko ABU Zariya ce, ko Bayero, ko Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Maiduguri, masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Shi ya sa yaro kan ci makin da zai shigar da shi wasu kwasa-kwasan cikin ruwan sanyi, amma likitanci ya gagare shi. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, ƙofar ce ƙarama.

Shekarar tana zama riba idan ka san takamaiman abin da ya kayar da kai kuma shi za ka gyara. Tana zama asara idan duk shirinka shi ne "Allah ya kai mu baɗi". Ka kuma sani, makin JAMB na shekara ɗaya ne. Abin da ka ci bana ba zai bi ka ba, daga sifili za ka sake tashi.

To me zan gyara? Ni dai na san na yi karatu.

Ɗauko takarda mu duba ƙofofi uku.

Ta farko sakamakon sakandare. Ana son kiredit a Ingilishi, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma jami'o'i da dama kan so su a zama ɗaya ga mai neman likitanci. Wasu ma suna ba darajar kiredit ɗin maki, ka ga mai A1 da mai C6 ba ɗaya suke ba a lissafinsu. Idan nan ne rauninka, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda muka fi sani da GCE. Ka karanta sharaɗin jami'ar da kake so da idonka, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Ta biyu ita ce JAMB ɗin kanta, kuma a nan na fi ganin hawaye. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, sai 40-40 na Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Idan ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Akwai wani ɗalibina da babu wanda ya kai shi Kemistiri a aji. Ranar da na zaunar da shi gaban kwamfuta don gwaji, sai na ga ya riƙe linzamin da yatsu biyu kamar mai tsoron kada ya ƙone shi, yana bin kibiya da ido kafin ya danna. Lokaci ya ƙare yana da sauran tambayoyin Fiziks da bai ko buɗe ba. Ilimi yana da shi, hannu da agogo ne suka ci amanarsa. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, amma har yau yaranmu da yawa ranar jarrabawa suke fara taɓa ta da gaske. Irin wannan yaro ba sabon littafi yake buƙata ba. Ya nemi cibiyar kwamfuta ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, sau ɗaya a mako aƙalla, yana rubuta makinsa a bangon littafi don ya ga ko yana hawa.

Kuma kada ka ɓata watanni kana maimaita darasin da ka fi so. Mai son Bayoloji zai iya kwana yana karanta zuciya da ƙoda don daɗin abin, alhali lissafin Fiziks ne ya ja shi ƙasa.

Ta uku tantancewar jami'a bayan JAMB, da ƙananan kurakurai masu cin rai: suna ko ranar haihuwa a lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta saɓa da ta WAEC, ko an manta ba a ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB ba. Waɗannan a gyara su tun kafin a buɗe rajista a farkon shekara.

An ba ni Bayokemistiri. Abokaina sun ce in karɓa, in na shiga sai in tsallaka likitanci.

Wannan shawara ta jefa yara da yawa cikin baƙin ciki. Tunda guraben a ƙayyade suke, tsallakawa daga wani sashe abu ne mai wuyar gaske, wasu jami'o'in ma ba sa yarda da shi sam. Idan za ka karɓi kwas ɗin, karɓe shi a matsayin wanda za ka iya gamawa ka rayu da shi. Akwai hanyar da ta fi wannan tabbas ko da ta fi tsawo: ka gama digirin da sakamako mai kyau sosai, sannan ka nemi shiga aji biyu na likitanci kai tsaye. Wasu kuma suna aji ɗaya a wani kwas suna sake JAMB. Ana yi, amma taura biyu ce a baki, sau da yawa duka biyun ke raunana.

Ya batun IJMB?

Ga wanda zaman gida ke kashe wa jiki, ita na fi so. Shirin share fage ne da ABU Zariya ke kula da shi, ana karanta darussa uku a mataki na gaba da sakandare, wanda ya yi fice ya nemi shiga aji biyu. Ko ba ka shiga ta nan ba, karatun zai sa JAMB ta yi maka sauƙi. Sai dai guraben shiga kai tsaye sun fi ƙaranci, kuma ka tabbatar cibiyar tana da rajista kafin mahaifinka ya zuba kuɗinsa.

Na ji a Amurka da gangan suke tsayawa shekara kafin su nema. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma tsarinsu daban. Can sai ka gama digiri na shekara huɗu, ka rubuta MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci mai ɗaukar sama da awa bakwai, kuma ana tura takardun nema fiye da shekara guda kafin a fara karatu. Mafi yawansu sukan tsaya shekara ɗaya ko fiye, suna aiki a asibiti ko ɗakin bincike, domin makarantun suna tambayar ko ka taɓa tsayawa kusa da marar lafiya.

Jami'o'inmu ba sa ba wannan maki, amma ina roƙon ɗalibaina su yi shi don kansu. Idan ɗan'uwa ya kwanta asibiti, kai ka karɓi jinyar. Ka kwana kan tabarma a gefen gado, ka ji warin ɗakin da ƙarfe uku na dare, ka ga likita ya zo da jajayen idanu yana duba fayil na ashirin, ka ga yadda ake sanar da uwa cewa ɗanta ya cika. Wani zai fito yana cewa nan ne wurina. Wani zai gane farar riga yake so, ba aikin ba. Gara ya gane yanzu da ya gane a aji uku gaban gawar da ake koyon fiɗa da ita.

Malam, 'yata ce. Ina tsoron zaman gida, ga mutane sun fara maganar aure.

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Yarinyar da ta zauna shekara ba tsari, aikin gida kan cinye safiyarta, surutun dangi ya cinye zuciyarta. Ku zauna da mahaifinta ku yanke magana a fili: wannan shekarar ta karatu ce, ga lesin da za ta riƙa zuwa, ga awannin da ba mai aiken ta. Idan manemi ya fito, a faɗa masa tun farko cewa karatun shekara shida ne ke gabanta, a ji ta bakinsa a gaban manya. Duk wadda ta taɓa kai 'yarta ko surukarta asibiti tana neman likita mace ta duba ta, ta san dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan.

Sau nawa ya kamata mutum ya gwada?

A ganina sau biyu bayan na farko ya isa, kuma na biyun sai idan maki yana hawa a zahiri. Yi lissafi: karatun shekara shida ne idan babu tangarɗa, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi.

Don haka a zagaye na biyu ka cike fom da ido buɗe. Ka duba jami'ar jiharku, inda ɗan jiha ke da fifiko, maimakon kowa ya yi cincirindo a Zariya da Kano. Ka kuma ajiye kwas na biyu da zuciyarka ta yarda da shi tun kafin sakamako ya fito: haɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ƙashi ko gashin ƙashi. Ka rubuta sunansa a takardar nan da muka fara da ita, ka nuna wa mahaifinka, ku amince cewa idan baɗi ma ba a dace ba kuma maki bai hau ba, shi za ka karɓa.