Waiwaye: rayuwar ganin ido ta girmi wayar hannu, Anna Karenina shaida ce

Duk bayan 'yan kwanaki sai an sake tada maganar nan, wai mutane sun koma rayuwar ƙarya, fuskar soshiyal midiya daban ta cikin gida daban, miji da mata na ɗora hoton soyayya alhali ba sa ga maciji. Kuma kusan kowa bakinsa ɗaya, waya ce ta jawo. Ni dai a ganina wayar 'yan kallo kawai ta ƙara. Marubucin Rasha Leo Tolstoy ya rubuta littafin labari mai suna Anna Karenina, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a mujalla daga 1875 zuwa 1877, kuma kusan gaba ɗaya littafin a kan wannan ciwon yake, shi ma ɗin ya tarar da ciwon ya haura shekara ɗari a Rasha.

Farkon tarihin ciwon sananne ne, ba sai mun daɗe a kai ba. A 1698 aka sa harajin gemu, manyan gari suka koma shigar Turawan yamma, a 1722 aka fito da jadawalin muƙamai mai mataki 14, daga baya kowane mataki ya samu irin lafazin girmamawar da ake kiran mai shi da shi, sannu a hankali Faransanci ya zama yaren falo, Rashanci kuma na magana da barori. Nan yawancin masu sharhi suke tsayawa, su ce ai kwaikwayon baƙi ne ya raba mutanen da ainihinsu.

Amma akwai wata takarda ta watan Fabrairun 1762, zamanin sarki Peter na Uku wanda mulkinsa wata shida ne kacal, da ba a cika kawo ta a wannan zancen ba. Kafin ita, ɗan babban gida a Rasha dole ne ya yi wa ƙasa aiki, ko soja ko ofis, da farko har ƙarshen rayuwa, a 1736 aka rage zuwa shekara 25. Wato gonakin da yake ci da manoman gandun da ke ɗaure da ƙasarsa tamkar bayi, duk ana kallonsu a matsayin ladan wannan wahalar ne. Ko ya sa hular gashi ya yi Faransanci, akwai bariki ko teburin da ke jiransa da safe.

Takardar 1762 ta cire dolen. Wanda ya ga dama ya yi ritaya ya koma ƙauyensa, ko ya tafi yawon ƙasashen waje, an yi murna sosai kuma a fuska abun alheri ne, wa zai ƙi 'yanci? Sai dai manoman gandun su ba a sake su ba, sai a 1861, shekara 99 cif a tsakani. Cikin shekarun nan an samu wani aji na mutane da abinci ke zuwa musu daga gumin wasu, ba kuma aikin da ya zama wajibi a kansu. Sannan a ƙarshen takardar akwai wani sashe da mutane ke tsallakewa, inda aka ce wanda ya zauna cikin lalaci bai taɓa yin aikin komai ba, jama'a su raina shi, kar a bar shi ya shiga fada ko tarukan bukukuwa. Kun ga hukunci ya tashi daga hannun doka ya koma idon mutane kenan. Da, tambayar ita ce ka yi aikin ko ba ka yi ba, yanzu ta koma ya ake ganinka, wa ya gayyace ka, wa ya amsa gaisuwarka a gidan rawa. Da yawa sun ci gaba da riƙe muƙami, musamman marasa ƙarfin cikinsu da ke buƙatar albashi, amma ga manya muƙamin ya koma ado. Wasu gidajen ma har dandalin wasan kwaikwayo suka gina a gandunsu, manomansu ne 'yan wasa da makaɗa. A 1785 aka sake tabbatar da wannan 'yancin a rubuce, ya zauna daram.

To jikokin waɗannan mutanen ne ke cikin littafin. Ɗauki Stiva Oblonsky, ɗan'uwan Anna. Mijin Anna ne ya samo masa kujerar da yake kai, kuma an nuna ya iya aikin ne saboda sam bai dame shi ba. Ra'ayin siyasarsa ma daga jarida yake ɗauka, kamar yadda yake zaɓen hula, wadda ake yayi. Ya ci amanar matarsa Dolly da malamar Faransancin yaransu, gida ya hargitse, amma ba ƙofar da aka rufe masa a Mosko. Gimbiya Betsy ita ma tana da nata saurayin kowa ya sani, ita ce ma ke karɓar manyan baƙi a Petersburg. Laifin Anna, wadda matar aure ce, da saurayinta Vronsky a wajen mutanen nan ba zinar ba ce, da ita ce da rabin falon ya watse. Abun da ba su yafe ba shi ne ta ƙi ɓoyewa.

Dubi ranar sukuwa, da Vronsky ya faɗi da goɗiyarsa Anna ta ruɗe a gaban kowa. A hanyar gida mijinta Karenin bai tambaye ta me ke zuciyarta ba, cewa ya yi abun da ta yi a bainar jama'a bai dace ba, da ta faɗa masa gaskiya ƙiri-ƙiri kuma, buƙatarsa ita ce a ci gaba da kiyaye mutunci a zahiri har ya san matakin da zai ɗauka. Mutum ne da bai san wata hanyar zama mutum ba sai ta ofis, ni tausayi ma yake ban fiye da haushi. Daga baya da Anna ta je gidan opera wata mata ta ci mata fuska a fili, Betsy kuwa tuni ta ja jiki.

Ba ina cewa Anna waliyyiya ba ce, ta bar ɗanta Seryozha, kishi ya cinye ta, kuma Tolstoy bai wanke ta ba. Haka nan ba duk ɓoyewa ce munafunci ba, Dolly ta haɗiye abubuwa da yawa don rufin asirin 'ya'yanta kuma a littafin tana cikin masu gaskiyar zuciya. Amma ko ita, akwai inda take tilasta wa 'yarta maimaita magana da Faransanci, Levin, abokin Stiva, yana gefe yana jin cewa ana koya wa yarinyar yare ana kuma cire mata gaskiya. Shi Levin ɗin da ya gaji sai ya ɗauki lauje ya shiga yankan ciyawa da manoma wuni guda, duk da shi ma in an duba, mai gona ne da zai iya ajiye laujen duk sanda ya so.

Abun da ya ƙara tsananta lamarin a zamanin littafin shi ne 1861 ta riga ta wuce, manoma sama da miliyan 20 sun samu 'yanci, kuɗin da ke riƙe da wasan ya fara ƙarewa amma wasan bai tsaya ba. Stiva ya sayar da dajin matarsa ga wani ɗan kasuwa a kan rubul 38,000 ba tare da ya ƙirga itatuwan ba, don ƙirga itace ba aikin irinsa ba ne, Levin ya ce masa kyautar 30,000 ka yi. Bashi ya yi masa katutu har ya je ya zauna awa biyu a ɗakin jiran wani attajiri yana neman kujera a wani kwamiti mai alaƙa da jiragen ƙasa. Kuma ya samu. A kashin ƙarshe, bayan Anna ta faɗa ƙarƙashin jirgi, an nuno shi a tasha cikin fara'a yana aika wa matarsa saƙon an ba shi muƙamin, ya riga ya manta kukan da ya sha a kan gawar 'yar'uwarsa.