Zubar da ciki: abin da malamai da doka suka ce, da alamomin da ke sa a garzaya asibiti

Maganar zubar da ciki ba ta cika fitowa fili a gidajenmu ba, amma a ɗakin karɓar haihuwa kullum ana ganin sakamakonta. Wata ƙididdiga da cibiyar Guttmacher, mai binciken lafiyar haihuwa a Amurka, ta fitar ta nuna cewa an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya a shekarar 2012 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan kashi 45 cikin 100 na zubar da cikin da ake yi a duniya ta hanya mai hatsari ake yin sa.

A fiƙihu, tushen muhawarar shi ne hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito kan matakan halittar ɗan tayi: kwana 40 ɗigon maniyyi, 40 gudan jini, 40 tsoka, sannan a busa rai, wato kwana 120. Bayan wannan lokaci malamai sun haɗu a kan haramcin zubarwa, sai idan ran uwa ne ke cikin hatsari. Kafin kwana 120 ne saɓani ya shiga. Mashahurin ra'ayin Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, ya hana tun kafin kwana 40. Wasu malaman Hanafiyya sun sassauta idan akwai uzuri mai ƙarfi. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta halatta zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar ɗan tayin na da mummunar nakasa da ba ta warkuwa. Cocin Katolika kuwa na ganin rai yana farawa ne tun ranar shigar ciki. Masu fafutukar haƙƙin mata su kuma suna kafa hujja da Yarjejeniyar Maputo ta 2003, ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata, wadda ta nemi a ba da damar zubarwa a kan fyaɗe, ko cikin da muharrami ya yi, ko barazana ga lafiyar uwa.

Dokar Arewa a taƙaice take: sashe na 232 na kundin hukunta laifuka na Final Kod (Penal Code) ya tanadi ɗauri har shekara 14 kan zubar da ciki, ban da abin da aka yi da kyakkyawar niyya don ceton ran mace. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da jagora ga likitoci kan yanayin da doka ta amince, irin su matsanancin ciwon zuciya ko na ƙoda, ko hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Abin da ya fi damun ma'aikacin lafiya shi ne abin da ake yi a ɓoye. Kanwa da sinadarin wanki suna ƙona farji da bakin mahaifa. Tsinke ko ƙarfe na iya huda mahaifa har ya taɓa hanji, ruɓa ta bazu a ciki. Jiƙe-jiƙe masu ƙarfi suna lalata ƙoda da hanta. Ƙwayar zubar da ciki da aka saya a kemis ba tare da hoton ciki ba ita ma tana da tarko: idan cikin a bututun ƙwai ya zauna, ba a mahaifa ba, ƙwayar ba ta taɓa shi, bututun ya fashe, jini ya taru a ciki alhali a waje ba a ganin komai.

Ko ɓari ne ya zo da kansa ko zubarwa aka yi, a kai mace asibiti nan take idan tana jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, ko zafin jikinta ya kai 38, ko ruwa mai wari na fita, ko mara na ciwo ba sassauci, ko jiri da sumewa. Ciwon kafaɗa tare da ciwon mara a gefe ɗaya alama ce ta jinin da ke zuba a ciki. Kada a tsaya jiran gari ya waye, kuma a tafi da 'yan uwan da za su iya ba da jini.

Kula da mace bayan ɓari ba laifi ba ne a doka, kuma ma'aikaci ba alƙali ba ne. 'Yar uwa, ki faɗi gaskiyar abin da kika sha ko aka saka miki da ranar da aka yi, domin maganin ƙunar kanwa daban yake da na hujin mahaifa. A asibiti za a auna jini, a ɗauki hoto, a wanke mahaifa da sirinji mai zuƙo ragowar, wanda ya fi kankara da ƙarfe sauƙin illa. Za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora idan an yi amfani da abu marar tsabta. Matar da gwaji ya nuna jininta rukunin Rh negatif ne tana buƙatar wata allura mai suna Anti-D cikin awa 72, don kare cikin da za ta ɗauka nan gaba.

Wani abin da ake yawan mantawa: mace na iya sake ɗaukar ciki cikin mako biyu bayan ɓari, tun kafin ta ga al'ada. Don haka kafin a sallame ta, a zauna da ita, da maigida idan tana da aure, a zaɓi hanyar ba da tazara.