Waiwaye: Daga 'Yan Awaki zuwa zanga-zangar yunwa, yaushe talaka ke tayar da ƙura?

Duk lokacin da farashin masara ya tashi, sai ka ji manya suna gargaɗi cewa wata rana talaka zai cinye mai kuɗi. Maganar ta daɗe a bakin mutane, kuma tarihin Arewacin Najeriya yana da abin cewa a kanta. Sai dai abin da ya nuna ya ɗan sha bamban da yadda ake faɗa.

Talauci shi kaɗai bai cika haifar da tarzoma ba. An yi farin 1972 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa har dalar gyaɗar Kano ta zama labari. Mutanen karkara ba su ƙona gidan kowa ba. Sun ɗaure kayansu ne suka nufi birni cin rani, da yawansu ba su koma ba.

A birnin ne suka tarar da wata duniya. Kuɗin man fetur yana ambaliya, ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara, 'yan kwangila suna gina benaye, sababbin motoci sun cika titi. Kaya suka yi tsada saboda kuɗi sun yawaita a hannun wasu. Gardin da a da yake samun abin kai wa baka da ɗinkin hula, ga-ruwa ko yankan farce, kuma ake ganin girmansa saboda allonsa, sai ya wayi gari ba shi da daraja ba shi da abinci. A cikin irin waɗannan matasa Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya samu mabiya a unguwar 'Yan Awaki ta Kano. Aƙidarsa ɓatacciya ce, malamai sun yi tir da ita, kuma ba wanda zai wanke shi daga jinin da aka zubar. Amma a duba abubuwan da yake tsinewa: agogo, rediyo, keke, mota, tara kuɗi. Kayan da yaransa ke gani kullum a hannun wasu ne, su kuwa ko a mafarki ba sa sa ran mallaka. A Disambar 1980 rikici ya ɓarke a Kano, sai da soja suka shiga, kuma alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Wutar ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985.

Abin da ke ba ni tausayi a wannan tarihi shi ne, gawarwakin kusan duka na talakawa ne: almajirai, mazauna unguwa, ƙananan 'yan sanda. Masu benayen ba abin da ya same su.

Akwai kuma wata hanyar da fushin talaka ya taɓa bi. Tun 1950 jam'iyyar NEPU ta tsaya da sunan talakawa, Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa suka koya wa manomi da ɗan dako cewa zaluncin haraji da aikin tilas abu ne da ake iya ƙi da baki da ƙuri'a. An daki 'yan NEPU, an ɗaure su, amma ba su zama 'yan ƙone-ƙone ba. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci Kano da Kaduna a 1979, aka soke haraji da jangali. Wato inda talaka ya samu wanda zai ɗauki kukansa ya kai inda ya dace, yakan bi layi ya jira. A ganina wannan ne darasin da aka fi yin sakaci da shi.

Bayan haka sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da Babangida ya kawo a 1986, naira ta faɗi, aka yi tarzomar 1989 da ɗalibai suka jagoranta. Masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suka yi tsit, dubban magidanta suka koma acaɓa. A Janairun 2012 aka ɗaga litar mai daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cak, gwamnatin Jonathan ta sauko da ita 97. A nan ma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka riƙe linzami, shi ya sa aka samu wanda za a zauna da shi. A Oktoban 2020 kuwa, da jama'a suka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, ba jagora, ba takardar buƙata. Mutane sun ga abincin da aka ce nasu ne a kulle, su kuma suna kwana da yunwa.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke. Kan wannan ciwo aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Ana ce wa talaka ya ƙara haƙuri, a daidai lokacin ake saya wa 'yan majalisar tarayya motocin alfarma. Wannan shi ya fi tsadar ƙona rai. A farkon 2024 mutanen Minna suka tare hanya, mata masu gurasa a Kano suka fito kan tsadar fulawa. Gargaɗi ne, ba a saurare shi ba.

Ranar 1 ga Agusta, 2024 tura ta kai bango, aka fara zanga-zangar yunwa. A Kano aka fasa shaguna da wani ginin hukumar sadarwa ta NCC, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24, wasu matasa suka ɗaga tutar Rasha, ƙasar da yawancinsu ba su san komai a kanta ba sai dai cewa Yamai ta juya gare ta. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a faɗin ƙasar. Mai ɗan shagon da aka wawashe shi ma da bashi ya saro kayansa.

A farkon Nuwamba aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Cikinsu akwai ƙananan yara da aka ɗebo daga Kano da Kaduna, sun shafe kusan wata uku a tsare, duk sun rame. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a ɗakin shari'a kafin a karanta musu laifinsu. Sai da hotunansu suka zaga duniya sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka mayar da su unguwannin da suka fito.