Mene ne "bungalow" da dillalan gidaje ke yawan faɗa?

Me kalmar take nufi?

A Turancin Ingila, da wanda muke ji a bakin dillalan gidaje a Kano da Kaduna da Abuja, "bungalow" gida ne marar bene. Falo da ɗakunan kwana da kicin da bayi duk suna ƙasa, rufi ɗaya ya lulluɓe su, babu matakalar da za a hau. Ana furta kalmar "bangalo".

To, ba sai a ce gidan ƙasa kawai ba?

A nan ake samun ruɗani. Ka ce wa Bahaushe gidan ƙasa, hankalinsa zai tafi ga ginin tubali da yaɓe. Shi kuwa bangalo babu ruwansa da abin da aka gina shi da shi, bulo ne ko katako. Ni dai na fi son a ce gida marar bene. Haka kuma gidanmu na gargajiya mai zaure da tsakar gida da ɗakuna a rarrabe ba ya shiga wannan suna, ko da babu bene a cikinsa, domin ba dunƙulallen gini ɗaya ba ne.

Asalinta Turanci ce?

A'a, aro ce daga Indiya. Tushenta "bangla", wato na Bengal, yankin da a yau ya rabu tsakanin Indiya da Bangladesh. Manoman can suna yin ɗakuna masu rufin ciyawa da ke gangarowa sosai saboda yawan ruwan damina. Turawan kamfanin East India suka ga fasalin ya dace da zafin ƙasar, suka ɗauke shi tare da sunansa tun a ƙarni na 17, suka ƙara masa girma, suka kewaye shi da baranda don shan iska. A Ingila kanta sai wajajen 1870 aka fara gina irinsa, a garuruwan bakin teku na yankin Kent. Mu kuma Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana shi. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin gidajen GRA na Nasarawa a Kano, masu faffaɗar baranda da doguwar rumfa, ya ga samfurinsa.

Ko'ina ma'anarta ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce. A Indiya ta yau, babban gida mai zaman kansa da harabarsa shi ma bangalo ne, ko da yana da bene. Saboda haka in tallar gida ka gani a intanet, ka fara duba ƙasar da aka rubuta ta.

Wa ya fi dacewa da shi?

Dattawa da masu ciwon gwiwa, da mai ƙananan yara da ke tsoron su faɗo daga matakala. Sai dai yana cin fili. Ɗakuna huɗun da bene zai ɗora biyu bisa biyu, shi sai ya shimfiɗa su duka a ƙasa, har ka rasa inda za ka dasa bishiya a fulotin.