Farin fenti mai sirkin madara: tambayoyi da amsoshi

Ashe fari ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Akwai fari fat, wanda yake ɗan karkata zuwa shuɗi ko toka. Akwai kuma wanda aka ɗiga wa rawaya, ja ko ruwan ƙasa kaɗan, ya fito kamar kindirmo. Shi ne masu fenti ke kira of-wayit ko kirim. Magnoliya ma danginsa ce, sai dai ta fi shi duhu.

Me ya sa ake yawan ba da shawarar mai sirkin madara?

Saboda rana da ƙura. Hasken ranarmu yana da ƙarfi, idan ya bugi bango fari fat sai ya kashe ido. Sannan ƙurar hunturu da jar ƙasa ba sa ɓuya a kansa, nan take bango zai yi dauɗa. Mai sirkin madara ya fi rufa asiri, don launinsa ya fi kusa da na ƙurar.

A shago kalar ta yi kyau, a ɗakina ta koma rawaya. Me ya jawo?

Haske ne, ba lalle mai shago ya cuce ka ba. Duba kwalin ƙwan lantarkinka. Idan an rubuta 2700K ko 3000K, haskensa ja-ja ne, zai ƙara wa bangon rawaya. Mai 6500K, irin wanda ya cika kasuwa, haskensa fari ne mai shuɗi-shuɗi, yakan dusar da kalar har ta zama kamar toka. Mai 4000K yana tsakani. Taga ma tana da nata: ɗakin da ke kallon yamma yakan yi ja da la'asar. Jan labule ko kafet ma sukan jefa launinsu a bango.

Don haka kada ka zaɓa daga ɗan katin nan na shago. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa a bango biyu na ɗakin, ka bari ya bushe sarai, ka duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna wuta.

Wane irin fenti zan saya?

Imalshan, wato fentin ruwa marar sheƙi, ya isa ɗakin kwana da silin. Falo da kicin da duk inda yara ke dafa bango, satin ya fi, don ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Amma yana da sheƙi, yana tona duk wani tudu da kwari na filasta, sai an yi sikiridin mai kyau tukuna, wato shafen da ke daidaita fuskar bango. Fenti mai mai kuwa a bar wa ƙofa da ƙarafan taga.

Shafi nawa?

Biyu, bayan shafin farko na share fage. Sabuwar filasta a ba ta kamar mako 4 ta bushe, in ba haka ba fenti zai ɓamɓare. Ka kuma sa ido kan ruwan da mai fenti ke zubawa a bokiti, wasu sukan tsinka shi don ya yi auki.

Da me mai sirkin madara zai dace?

Da katako, tabarmar kaba, faifai, kujeru masu ruwan ƙasa ko kore. Ni dai ban cika son sa da tayil mai ruwan toka ba, bangon sai ya zama kamar ya tsufa. Silin kuwa a yi masa fari fat, ɗakin zai fi nuna tsayi.