Waiwaye: Yadda Kitse Ya Shiga Binciken Tsufa

Tun da magungunan rage ƙiba irin su Ozempic suka bazu, muhawara ta yi zafi a kan ko rage kitse yana jinkirta tsufa, kuma masu magana da yawa suna yi kamar jiya aka fara wannan tambaya, alhali akwai malaman jami'a da suka ƙare ƙuruciyarsu a kanta.

A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi tsawon rai. A 1993 Cynthia Kenyon ta ninka kwanakin wata ƙaramar tsutsa ta hanyar sauya ƙwayar gado ɗaya, shekara guda bayan haka kuma Jeffrey Friedman ya gano leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa. Duk da haka, masu binciken tsufa da masu binciken kitse kowa harkar gabansa yake yi, kuma ɗalibin da ya so haɗa su biyun da wuya ya sami malamin da zai duba aikinsa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin 2003, wanda Matthias Blüher da Barbara Kahn da Ronald Kahn suka wallafa. Sun samar da ɓerayen da ƙwayoyin kitsensu kaɗai ba sa amsa saƙon insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), sauran jiki kuwa lafiya lau. Ɓerayen nan ba su rage ci ba, amma kitsensu ya ragu sosai, suka kuma zarce 'yan'uwansu da kusan kashi 18 cikin ɗari na tsawon rai. Kusan shekara saba'in ana tambaya ko yunwar ce ke ƙara kwana ko kuwa rashin kitsen, sai ga gwaji ya raba su a fili. A ganina, daga nan ne mai neman digirin digirgir ya sami hujjar tsayawa gaban kwamiti ya ce kitse ne fagensa a ilimin tsufa ba tare da an yi masa kallon wanda ya ɓata hanya ba. Gano kitse mai ruwan ƙasa (irin da ke ƙona kuzari don ɗumama jiki) a jikin mutane baligai a 2009, da aikin kawar da tsofaffin ƙwayoyin halitta a 2011, sun tarar da ƙofar a buɗe.

Jinkirin samun amsar wannan tambaya da ake kuka da shi yau, asalinsa matsalar lokaci ce. Ɓeran gwaji yana kai shekara biyu zuwa uku kafin ya mutu, kwantiragin matashin mai bincike kuma sau da yawa bai wuce haka ba. Shi zai ciyar da ɓerayen, ya auna su, ya ga gashinsu ya fara zuba, amma kuɗin aiki ya ƙare kafin na ƙarshe ya mutu. Wannan ne ya sa hazikai da dama ke komawa gwaje-gwajen da ake gamawa cikin watanni, tambayar tsawon rai kuma ta rage a hannun 'yan kaɗan da suka riga suka sami kujerar dindindin.