Me Ya Sa Muke Son Wuce Gona da Irin Fina-finan Faɗa?

Shin da gaske harsashin jarumi ba ya ƙarewa?

A fim kam ba ya ƙarewa sai mai ba da umarni ya ga dama. Bindigar AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a gidanta, kuma tana iya aman kimanin 600 a minti ɗaya, wato wanda ya danne kunama bai saki ba zai ƙarar da su cikin daƙiƙa uku. Duk da haka, a fim ɗin Commando na 1985 mun ga Arnold Schwarzenegger shi kaɗai ya faɗa wa sansanin abokan gaba a wani tsibiri, yana ɓarin wuta, dakaru suna zubewa kamar ganyen bishiya da kaka, kuma babu wanda ya tashi a gidan kallo ya ce bai yarda ba, domin ba ƙirgen harsashi ne ya tara mu ba.

Mota tana kamawa da wuta don an harbe ta?

Da wuya ƙwarai, domin fetur ba ya fashewa sai tururinsa ya gauraya da iska sannan ya sami tartsatsi. Masu shirya fim ne suke dasa abin fashewa da fetur a cikin motar, su tayar daga nesa. Haka nan wanda aka harba ya tashi sama ya bugi bango, waya ce aka ɗaura masa a ƙugu aka fizge shi. Da harsashi yana da wannan ƙarfin, da shi ma mai harbin ya tashi.

Me ya hana yaran bos taruwa su rufe jarumi gaba ɗaya?

Da sun yi haka, da fim ya ƙare kafin mai gyaɗa ya zagayo. Faɗan fim tsararre ne kamar rawa, an ƙirga kowane taku, kuma masanan Hong Kong ne suka fi kowa ƙwarewa a kansa. Mutum goma suna zagaye da jarumi, tara suna ta karkaɗa hannu suna jiran layi, na goma ya shigo ya karɓi rabonsa, saboda ido yana son ya ga inda kowane naushi ya fito da inda ya sauka. Ƙarar dukan ma daga baya ake sa ta, inda masu haɗa sauti suke jibgar nama ko kabeji a gaban makirufo.

To, na Indiya fa, ba su cika zuƙi ba?

Sun cika, kuma nan ne daɗin yake. A kashi na biyu na Baahubali, wanda ya fito a 2017, mayaƙa sun lanƙwasa dogayen itatuwa masu kama da giginya, suka haɗa garkuwoyinsu suka dunƙule, aka saki itacen ya cilla su ta saman ganuwar birni, suka dira suka ci gaba da sara. Duk wanda ya kalli wannan wurin a cikin jama'a ya san irin sowar da take tashi, dariya da tafi a haɗe. A ganina Bahaushe bai sha wahalar fahimtar wannan salo ba, tun zamanin silimun Kano irin su Plaza da Marhaba har zuwa fassarar da ake kallo a waya yau, domin ya taso yana jin kirarin 'yan dambe da 'yan tauri. Babu mai tambayar ɗan tauri hujja idan ya kira kansa dutse ko guguwa. An san zuga ce, kuma gwanintar zugar ake saurare.

Ke nan komai ƙarya ne?

Ko kusa. Mutane ne masu jini a jika suke sayar da rai a bayan waɗannan abubuwa. Jackie Chan ya faɗo daga bishiya a Yugoslabiya yayin ɗaukar Armour of God, ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata. Tom Cruise kuwa, a fim ɗinsa na 2015, an ɗaure shi a jikin ƙofar jirgin Airbus A400M ta waje, jirgin ya tashi da shi yana maƙale, iska tana yage masa fuska, kuma sau takwas aka maimaita kafin a sami hoton da ake so.